Leɓen da ya gaza a rana ta biyar: nazarin lamarin wani ɗalibin busa turombon a bitar bazara

Asalin lamarin

Saurayin da wannan nazari ya shafa ɗan abokina ne. A Amurka aka haife shi, iyayensa kuwa daga kudancin Kaduna suka tashi tun suna sabon aure. Shekararsa 19 lokacin da abin ya same shi, ya kuma kammala shekarar farko a sashen kiɗa na wata jami'ar jiha a tsakiyar ƙasar. Abin da zan kawo a nan na tsamo shi ne daga littafin da yake rubuta atisayensa na kullum, wanda ya miƙo mini da hannunsa, da kuma hirarrakin da na yi da shi da mahaifiyarsa a lokuta dabam-dabam.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda ya san turombon ko da bai san sunansa ba, domin shi ne ƙahon tagullan nan da mai busa yake jan bututunsa yana turawa. Idan aka miƙe bututun gaba ɗaya tsawonsa ya kai kusan mita 2.7, kuma wurare bakwai ne hannu yake tsayawa a kansa don sauya sauti. Yana cikin dangin ƙahoni masu kaurin murya, tare da yufoniyom da babbansu da ake kira tuba. Ba shi da ɗan karan nan da ake sa wa algaita a baki. Leɓɓan mai busa ne da kansu suke kaɗawa a cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, kamar yadda mai kakakin fada yake yi, sai dai shi mai kakaki yakan saki 'yan sautuka ya huta, mai turombon kuwa ana so ya riƙe waƙa mai tsawo, ya hau sama ya sauko, ba tare da sautin ya girgiza ba. Tsokar da ke ɗauke da wannan aiki siririya ce, ita ce ta kewaye baki kamar zobe, kuma tana matse ne tsakanin haƙori da ƙarfe.

A Amurka jami'o'i da yawa kan rufe a farkon watan Mayu, daga nan har ƙarshen Agusta ɗalibin kiɗa ba shi da malami a kansa. Wannan giɓi ne ya sa tarukan bita na bazara suka samu gindin zama. A 1971 aka yi babban taron masu busa turombon a birnin Nashbil, a shekarar da ta biyo baya aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, kuma tun daga lokacin irin waɗannan taruka suke ƙaruwa, wasu na turombon zalla, wasu na dukkan ƙahoni masu kaurin murya. Galibi mako ɗaya suke ɗauka, a harabar wata jami'a, malaman kuwa manyan mabusa ne na manyan ƙungiyoyin kiɗa da ake kira okestira, waɗanda ɗalibi ba zai taɓa samun zama da su ba in ba a irin wannan wuri ba.

Makonni shida kafin tafiya

Lokacin karatu yakan yi busa awa biyu da rabi zuwa uku a rana, idan aka haɗa atisayensa da na ƙungiya. Da aka yi hutu ranar 3 ga Mayu sai ya kama aiki a wani rumbun ajiye kaya, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa uku na rana, don ya tara kuɗin irin wannan bita da zai je a watan Yuni, domin ya ƙi yarda iyayensa su biya masa. Littafinsa ya nuna cewa daga 6 ga Mayu zuwa 14 ga Yuni busar da yake yi a rana ta tsaya tsakanin minti 40 da awa ɗaya, akwai kuma kwana tara a warwatse da bai buɗe akwatin ƙahon ba sam. A makon ƙarshe ya yi ƙoƙarin cike gurbi, ya yi awa biyu-biyu kwana uku a jere, yana maimaita gutsattsarin kiɗan da aka ce za a gwada su a kai. Bai ji ciwo ba, bai kuma rubuta wani ƙorafi ba, in ban da cewa sautin sama ba ya fita da tsabta.

Makon bitar, 16 zuwa 22 ga Yuni

Tsarin ranar ya kasance kamar haka a kullum. Da ƙarfe takwas na safe a taru a ɗumama baki na awa ɗaya, ana jan dogayen sautuka da zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da harshe ba, irin atisayen da malamin turombon Emory Remington ya yaɗa a shekarun da ya yi yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Eastman daga 1922 har rasuwarsa a 1971. Daga tara da rabi zuwa sha biyu darasi ne a bainar jama'a, ɗalibi ɗaya ya tashi ya busa, malami ya gyara masa, sauran suna saurare. Bayan abincin rana a kasu huɗu-huɗu, turombon uku da tuba ɗaya, kamar yadda suke zama a okestira, a yi awa ɗaya da rabi. Sai kuma babbar ƙungiya ta turombon zalla na awa biyu, da dare malamai su yi wasa. Abin da tsarin bai rubuta ba shi ne cewa bayan wasan dare ɗalibai kan koma ɗakunan atisaye, kowa yana jin maƙwabcinsa ta bango, kuma babu mai son ya zama na farkon da zai rufe akwati.

A rana ta farko da ta biyu ya lissafta awa biyar da rabi a kowace rana ƙarfe yana kan leɓensa. A babbar ƙungiya an ba shi sahu na biyu cikin takwas, wato kusan duk busarsa a sama take, abin da ya ɗauka a matsayin girmamawa, ya kuma kira gida ya faɗa.

A rana ta uku masu sayar da kayan busa suka baje koli a zauren cin abinci. Ƙoƙon bakin da yake amfani da shi mai lamba 5G ne, wanda faɗin cikinsa ya kai milimita 25.5. Ya gwada mai lamba 4G, mai faɗin milimita 26, ya ji sautinsa ya yi kauri kamar na malamin da ya busa a daren jiya, nan take ya saya, ya kuma shiga atisayen yamma da shi. Bambancin rabin milimita ne kawai. A wannan rana ya yi awa shida da minti ashirin.

Da safiyar rana ta huɗu ya tashi leɓensa na sama a kumbure, zoben ƙarfen ya bar shaida ja wadda ba ta baje ba har bayan karin kumallo. Sautin ya ƙi tashi da sauƙi, sai ya riƙa danna ƙahon a baki da hannun hagu don ya fito da shi. Ya gaya mini cewa ya lura da hakan ne saboda yatsunsa sun yi tsami, alhali ba su saba ba. Ya sa ƙanƙara da rana, ya sha maganin rage kumburi, ya ci gaba.

A rana ta biyar da dare yana maimaita wurin turombon a cikin Bolero, kiɗan okestira da Bafaranshe Ravel ya tsara, wanda yake farawa a sautin da ake kira B♭ na sama ya haura har D♭, kuma ba a rasa shi a jarrabawar ɗaukar mabusa aiki. A karo na bakwai ko na takwas ya ji wani abu kamar tsinin allura a leɓen sama, ɗan hagu da tsakiya, iska ta fara zurarewa ta gefen baki, sautin ya tsage gida biyu. Ga abin da ya rubuta a daren, in na mayar da shi Hausa: gobe gwaji, babu halin tsayawa.

Washegari aka yi gwajin a bayan labule, yadda ake yi a jarrabawar gaske. Ya ƙetare gutsuren farko, na biyun ya karye masa sau uku. A wasan rufewa na rana ta bakwai ya zauna a wurinsa, amma rabin lokacin yana motsa bututun ne kawai ba tare da busa ba. Bai gaya wa ko ɗaya daga cikin malaman ba. Jimillar busarsa a kwana bakwai ta kai awa 36, alhali a makonni shidan da suka gabata duka-duka bai cika awa 32 ba.

Yunƙuri na farko: ƙara ƙaimi, 24 ga Yuni zuwa 6 ga Yuli

Da ya dawo gida ya yanke wa kansa cewa rauni ne na rashin atisaye, don haka maganinsa ƙarin atisaye. Ya riƙa yin awa biyu bayan aiki, mafi yawa a kan sautin sama, yana shan maganin rage kumburi kafin ya fara, yana sa ƙanƙara bayan ya gama. Maganin ya danne zafin, amma a cikin kwana goma sha uku iyakar sautin da yake iya kaiwa ya sauko daga B♭ na sama zuwa F, juriyarsa kuma ta ragu zuwa minti ashirin kafin iska ta fara zurarewa. Mahaifiyarsa ta ce abin da ya fara tayar mata da hankali shi ne ganin yana shan shayi da gefen baki, yana karkatar da kofi.

Yunƙuri na biyu: sauya ƙoƙo da kallon madubi, 7 zuwa 15 ga Yuli

Daga nan ya koma neman laifi a wurin ƙarfen da kuma yadda yake ɗora shi. Ya aro ƙoƙo biyu daga abokai, ɗaya mai faɗin gefe, ɗaya ƙarami, ya riƙa musanya su kusan kullum. Ya kafa madubi a gabansa, yana matsar da ƙoƙon sama ko ƙasa, yana ɗaukar hoton bakinsa da waya yana kwatantawa da na manyan mabusa a intanet. Kowane sauyi yakan ba shi sauƙin kwana ɗaya, domin ƙarfen ya kauce daga wurin ciwon, washegari kuma abin ya dawo. A ƙarshen wannan lokaci ya rubuta cewa ya manta inda yake ɗora ƙoƙon tun asali, kuma leɓensa yana rawa ko a sautin tsakiya wanda yake busawa tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. A wannan mako ne ya ci karo da bayanin wata cutar jijiya da ke kama mabusa, inda leɓe yake daina bin umarnin ƙwaƙwalwa, ya kuma tabbatar wa kansa cewa ita ce.

Yunƙuri na uku: hutu gaba ɗaya, 16 ga Yuli zuwa 6 ga Agusta

Ya rufe akwatin ya tura shi ƙarƙashin gado na mako uku cur. A cikin kwana biyar kumburin ya sace, a cikin kwana goma zafin ya tafi. Ranar 7 ga Agusta ya ɗauko ƙahon, ya ji bakin sabo fil, murna ta ɗebe shi ya yi awa ɗaya da minti hamsin a zama ɗaya, har da taɓa Bolero a ƙarshe don ya ga ko ya dawo. Da safe allurar ta dawo a wurinta na da. A daren ne ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Kawu, ina ganin zan sauya fanni, kada dai ka gaya wa Baba tukuna." Na ce masa ba zan gaya wa kowa ba, amma da sharaɗin gobe ya rubuta wa malaminsa na jami'a, wanda har lokacin bai san komai ba.

Ganin likita, 19 ga Agusta

Malamin ya haɗa shi da wata likita da ta saba duba makaɗa da mawaƙa. Ta sa ya zo da ƙahon da dukkan ƙoƙunan, ta taɓa leɓen ciki da waje, ta sa ya tsuke baki ya hura, sa'an nan ta sa ya busa a gabanta. Abu biyu take nema ta kawar. Na farko yagewar tsokar zoben baki, raunin da wani likitan tiyata na Sifen mai suna Planas ya yi bayaninsa a 1982, ya laƙaba masa laƙabin shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong, wanda leɓensa ya tilasta masa ajiye ƙaho na wani lokaci a shekarun 1930. Ba ta sami rami ko ƙullutu a tsokar ba, kuma yana iya riƙe iska a baki ba ta zurare. Na biyu cutar jijiyar da yake tsoro, wadda yawanci ba ta zuwa da zafi, ba ta kuma sauƙi don an huta. Nasa kuwa da zafi ya fara, kuma hutu ya kwantar da shi. Ta ce gajiyar tsoka ce da ƙujewa saboda lodin da ya wuce kima, rawar leɓen kuma ta biyo bayan yawan sauye-sauyen da ya yi. Ta hana shi shan magani kafin busa, tana mai cewa zafin shi ne kaɗai ma'aunin da yake da shi.

Komawa mataki-mataki, 26 ga Agusta zuwa Disamba

Likitar da malamin suka tsara masa hanya tare. Ya koma kan ƙoƙonsa na asali mai lamba 5G, sauran malamin ya karɓe ya kulle a durowarsa. Aka cire madubi. A makon farko minti biyar zai busa, sau uku a rana, da tazarar aƙalla awa biyu, a sautin tsakiya kawai, ba da ƙarfi ba ba kuma a shaƙe ba, kuma ko a cikin minti biyar ɗin duk daƙiƙun da ya busa sai ya huta kwatankwacinsu. Idan mako ya cika babu zafi sai a ƙara 'yan mintuna a kowane zama, idan zafi ya leƙo sai a koma matakin baya na kwana uku. An kuma cire shi daga ƙungiyar masu busa da maci a filin ƙwallo, wadda take cin awoyi da yawa a waje a wannan zango, aka ba shi sahu na uku a ƙungiyar zaure.

Sauran lokacin da ya saba cikewa da busa aka cike shi da abin da ba ya taɓa leɓe. Yakan rera waƙar da bakinsa kafin ya busa ta, yakan hura iska a tafin hannu yana motsa bututun daidai da kiɗan, yakan kuma saurari manyan mabusa da takardar kiɗa a gabansa. Wannan koyarwa ce da aka fi sani da Arnold Jacobs, mai busa tuba a okestirar Shikago daga 1944 zuwa 1988, wanda yake nace wa ɗalibai su sa hankali a kan waƙar da ke cikin kai da iskar da ke fita, su bar leɓe ya bi baya. Ƙahoni masu kaurin murya iska mai yawa suke ci wadda ba a matse ta ba, kuma idan iskar ta gaza, hannu ne yake cike gurbin da dannawa. Da malamin ya fara yi masa wannan bayani, sai yaron ya buɗe littafinsa ya nuna masa shafin 17 ga Yuni, inda ya rubuta kusan wannan magana daga bakin malamin tuba a darasin safe na bitar, ya ja mata layi biyu.

Hanyar ba ta tafi sumul ba. A mako na huɗu ya tsallake mataki saboda wani wasa, zafin ya dawo, aka mayar da shi baya. A mako na shida ya kai minti 45 a rana, a na goma awa ɗaya da rabi a zama uku, kuma a lokacin ne aka bar shi ya haura sama da F, rabin matakin sauti a kowane 'yan kwanaki. A mako na goma sha biyar ya kai awa biyu da rabi, ya ci jarrabawar ƙarshen zango a tsakiyar Disamba da waƙa mai matsakaicin hawa. Bolero bai sake taɓa shi ba sai a watan Fabrairu, wata takwas bayan daren allurar, kuma sau biyu kawai a rana aka yarje masa.

Bazarar da ta biyo baya

Ya sake zuwa bita a watan Yuni, kuma ita dai waccan ce. A wannan karo ya rage kwanakin aiki, ya fara hawa tun mako shida kafin tafiya, daga awa biyu zuwa uku da rabi. Tun a takardar shiga ya nemi a ba shi sahu na ƙasa a babbar ƙungiya, ya kuma gaya wa malamin da ke kula da rukuninsa tarihin leɓensa a ranar farko. Ya ƙayyade wa kansa awa huɗu, da ya cika su sai ya rufe akwati ya je ya zauna sauraro. Ya gwada ƙoƙuna a baje kolin, ya rubuta lambar wanda ya yi masa, bai saya ba. Jimillarsa a makon awa 26 ce, ya shiga zagaye na biyu a gwajin bayan labule, ya dawo gida babu kumburi.

Hukunci

A ganina abu uku ne suka haɗu suka kayar da shi, kuma babu ɗaya daga ciki da zai isa shi kaɗai. Lodin ya ninka fiye da sau biyar cikin dare ɗaya, an sauya ƙoƙo a tsakiyar gajiya ta yadda tsokar ta koma koyon sabon wuri alhali tana neman hutu, sa'an nan magani ya toshe gargaɗin da jiki yake bayarwa. Ƙara ƙaimi ya gaza domin ya ɗauki rauni a matsayin lalaci. Sauya ƙoƙo ya gaza domin ya rushe abin da yake lafiya lau, wato sabon da baki ya yi na shekara takwas. Hutu shi ne ya fi kusa da daidai, ya warkar da ƙujewar, amma mako uku ba busa ya rage ƙarfin tsokar, shi kuma ya koma mata da lodin mai lafiya. Abin da ya yi aiki shi ne haɗa hutu da busa a ma'auni ƙarami wanda wani ne yake riƙe da shi, domin yaron da ke ɗokin komawa ba zai iya yi wa kansa adalci a lissafin minti ba.

Ban ɗora wa bitar laifin raunin ba, amma ina da magana a kan tsarinta. Ilimin da ake bayarwa a irin wannan mako ta kunne yake shiga, kuma ana iya ɗura shi da yawa a kwana bakwai, tsoka kuwa ba ta ƙaruwa a kwana bakwai komai ƙwarewar malami. Malaman da ke koyarwa a can sun saba da awoyi masu yawa a kullum, sun kuma san lokacin sauke ƙaho ba tare da an gaya musu ba, ɗan shekara 19 da ya fito daga rumbun kaya bai san wannan ba. Da an aiko wa masu zuwa da jadawalin shiri tun wata guda kafin buɗewa, da an riƙa juya sahun sama tsakanin ɗalibai, da kuma wani malami ya tashi a ranar farko ya ce duk wanda bakinsa ya kumbura ya zo ya faɗa babu abin kunya, ina kyautata zaton da ya yi magana a rana ta huɗu, lokacin da hutun kwana biyu zai iya wadatarwa.

Abin da ya fi ci mini rai a littafin nan shi ne kwana 52 da suka wuce tsakanin safiyar kumburin da ranar da ya rubuta wa malaminsa. A duk tsawonsu yana cin abinci da iyayensa, yana gaishe ni a waya, yana cewa komai lafiya. Na tambaye shi dalili, ya ce kuɗin guminsa ne ya kai shi can, kuma ya riga ya kira gida ya ce an ba shi sahu na biyu.